Yadda Ake Tsira da Rai Bayan Hatsari a Daji ko a Teku

Idan aka ce mutum ya ɓace a daji ko jirginsu ya kife a teku, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne yunwa da namun daji da manyan kifaye. Amma waɗannan ba su cika samun rabonsu ba, domin akwai masu riga su: jinin da ba a tsayar ba, sanyin dare a jikin da ya jiƙe, ƙishirwa, da tafiyar ruɗewa da ke nisanta mutum da inda ake nemansa.

Masu koyar da wannan fanni suna da wani ƙiyasi: minti 3 babu iska, awa 3 babu mafaka cikin tsananin sanyi ko zafi, kwana 3 babu ruwa, mako 3 babu abinci. Wani ya wuce haka, wani bai kai ba. Amfaninsa kawai ya jera maka ayyuka, ka san na farawa da wanda zai jira. Matakan da ke ƙasa wannan jeri suka bi, kuma manufarsu ɗaya ce: ka zauna da rai a inda masu nema za su same ka ba tare da wahala ba.

Mataki na 1: tun ba ka tashi ba

Ka gaya wa wani inda za ka, ta wace hanya, kai da wa, da lokacin da idan bai ji ka ba zai kai rahoto. Ka faɗi rana da awa. "Sai na dawo" ba bayani ba ne. A watan Afrilun 2003 wani ƙaton dutse ya danne hannun Aron Ralston a cikin kwazazzabo a jihar Utah ta Amurka. Ya yi kwana biyar a maƙale, daga bisani ya karya ƙashin hannun ya yanke shi da 'yar wuƙa. An fi tuna shi da jarumta, amma abin da ya kai shi ga wuƙar shi ne bai gaya wa kowa inda ya nufa ba.

Kayan tsira a jiki ake sa su, ba a jaka ba, domin jaka ce ke fara ɓata: usur, laita da ashana a ƙulle cikin leda, wuƙa, ɗan madubi, tocila, babbar leda mai kauri, igiya. Gorar ruwa ta ƙarfe ta fi ta roba saboda ana ɗora ta a wuta. Mai yawan shiga inda babu sabis ɗin waya ya nemi na'urar neman agaji mai aiki a zangon 406 MHz. Tana aika sigina zuwa taurarin ɗan Adam na tsarin Cospas-Sarsat, wanda ke taimaka wa masu ceto tun 1982. Ka yi mata rajista da sunanka, don a san wanda ake nema.

Mataki na 2: mintunan farko

Ka matsa daga abin da zai iya ƙarasa ka: mota mai yoyon fetur, gangaren da duwatsu ke zubowa, kwarin da ruwa zai iya cikawa. Kada ka yi nisa, ka tsaya inda kana ganin tarkacen. Sannan ka zauna a ƙasa, zama na gaske, ka ja numfashi a hankali har bugun ƙirjinka ya lafa. Tsoro ƙafa yake ba mutum, ba dabara ba.

Ka ƙirga mutane. Ka shafa jikinka da hannu daga kai har tafin ƙafa kana duba hannun ko da jini, domin a wannan lokaci jiki ba ya faɗin gaskiya. Mutum na iya takawa da karyayyar ƙafa bai ji ba. Idan akwai waya, gwada kira sau ɗaya, sannan ka tura saƙon tes mai ɗauke da inda kake da halin da ake ciki, saboda saƙo kan ratsa inda kira ya kasa. Daga nan ka kashe ta, ka sa ta a aljihun ciki inda ɗumin jiki zai kare batirin, ka riƙa kunnawa lokaci-lokaci.

Mataki na 3: masu rauni

Wanda ke kururuwa yana numfashi. Wanda ya yi shiru shi za ka fara dubawa, sai dai in akwai wanda jini ke tsartuwa daga jikinsa, to wannan ya riga kowa.

Ka ninke ƙyalle, ka ɗora a kan raunin, ka danna da nauyin jikinka har minti 10 ba tare da ɗagawa ka leƙa ba. Leƙen nan ne ke warware gudajin da ya fara kamawa. In ƙyallen ya jiƙe, ɗora wani a kansa. In raunin mai zurfi ne, cusa ƙyalle ciki har ya cika sannan ka danna.

Idan hannu ne ko ƙafa kuma jinin ya ƙi tsayawa, sai ɗauri. Ka sami ƙyalle mai faɗin yatsu uku, ba siririyar igiya ba. Ka zagaya shi santimita 5 zuwa 7 sama da raunin, ba a kan gwiwa ba, ka ƙulla, ka ɗora sanda a kan ƙullin ka sake ƙullawa, sannan ka yi ta murɗa sandar har jinin ya ɗauke. Ka ɗaure bakin sandar don kada ta warware, ka rubuta lokacin a goshinsa. Zai yi zafi ƙwarai, zai roƙe ka ka sassauta. Kada ka yarda. Gaɓa kan jure awa biyu a ɗaure, amma jinin da ya zuba a ƙasa ba ya komawa.

Wanda ya suma amma yana numfashi, kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. In kana zargin karaya a wuya ko gadon baya, kada ka motsa shi sai in wurin ba ya zaunuwa. Wanda aka tsamo daga ruwa ba ya numfashi, fara da hura masa iska a baki sau 5, sannan dannar ƙirji 30, hurawa 2, haka ba tsayawa, dannar ta kai 100 zuwa 120 a minti.

Karaya kuwa ba a gyara ta a daji. Ka ɗaure ta yadda ka same ta, sanda ta kowane gefe da tsumma a tsakani, ɗaurin ya kama gaɓar sama da ta ƙasa. Ka riƙa matsa farcensa: in ya yi fari ya ƙi dawowa ja, ɗaurin ya matse. Buɗaɗɗen rauni a wanke shi da ruwan da za a iya sha, mai yawa. Huda leda da tsinke ka matsa, ruwan zai fito da ƙarfin da zai kore ƙasa.

Saran maciji ne aka fi yi wa aika-aika. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a yi masa irin ɗaurin tsayar da jini. A cire zobe da agogo kafin kumburi, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya, a hana shi tafiya in da hali, a nufi inda ake da allurar kashe dafi.

Mataki na 4: a zauna ko a tafi?

Nan ne rayuka suka fi salwanta, kuma masu ƙarfi da zuciya ne suka fi faɗawa. Zama yana kama da ragwanci, musamman ga wanda iyalinsa ke kallonsa.

A ƙarshen Nuwamban 2006 wata mota ta maƙale cikin dusar ƙanƙara a dazukan jihar Oregon, da miji da mata da 'ya'ya biyu ƙanana. Bayan mako guda mijin ya fita neman taimako da ƙafa. Kwana biyu da fitarsa helikwafta ya gano matar da yaran a raye a wurin motar. Shi kuwa gawarsa aka tsinta, sanyi ya kashe shi. Ba wauta ya yi ba, abin da kusan kowane uba zai yi ne. Sai dai daga sama mota ana ganinta, tarkacen jirgi ana ganinsa, mutum ɗaya a ƙarƙashin itatuwa kuwa ba a gani. Masu nema daga inda aka yi maka ganin ƙarshe suke farawa, kuma duk kilomita ɗaya da ka ƙara, filin da za su bincika ƙara faɗi yake yi. A Kolombiya a 2023, an gano tarkacen ƙaramin jirgin da ya faɗi a dajin Amazon bayan kusan mako biyu, amma yara huɗun da suka tsira sun riga sun bar wurin, sai a kwana na 40 aka same su. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ana tafiya ne idan babu wanda ya san inda kake, ko ka tabbata an daina nema, ko wurin babu ruwa babu mafaka. Waɗanda jirginsu ya faɗi a tsaunukan Andes a Oktoban 1972 sun ji da kunnensu a rediyo cewa an dakatar da nemansu. Daga baya Nando Parrado da Roberto Canessa suka yi tafiyar kwana 10 suka nemo agaji, mutum 16 cikin 45 suka rayu bayan kwana 72. Juliane Koepcke kuma, 'yar shekara 17, ita kaɗai ta tsira daga jirgin da ya tarwatse a sama a ƙasar Feru a Disamban 1971. Ganyayen dajin sun rufe ta ruf, jiragen nema ba za su gan ta ba. Ta bi ƙaramar ƙorama har ta kai ta rafi, rafin ya kai ta kogi, a kwana na 11 ta haɗu da masu saran katako. Mahaifinta ne ya koya mata cewa ruwa yana kai mutum wurin mutane.

In tafiyar ta zama dole, ka bar takarda a wurin tarkacen: rana, awa, inda ka nufa, halin lafiyarka. Ka jera duwatsu su yi kibiya. Ka riƙa karya reshe ko ɗaura tsumma a hanya, kana waiwaye don ka gane ta in za ka dawo. Kada ka amince da cewa kana tafiya a miƙe: wani bincike da masana a Jamus suka wallafa a 2009 ya nuna mutane suna zagaye ne idan ba sa ganin rana. Ka zaɓi itace ko dutse a gabanka, ka isa, ka zaɓi wani. Bin ruwa yana aiki a daji mai duhuwa, amma a hamada kwari na iya ƙarewa cikin yashi, a tsauni kuma yana iya kai ka bakin gangaren da ba ya sauko. Wajen ƙetare kogi, kwance bel ɗin jaka, fuskanci inda ruwan ke fitowa, dogara da sanda. In ya ɗauke ka, saki jakar, kwanta rigingine ƙafafu a gaba, kada ka yi ƙoƙarin tsayawa sai ruwan ya yi laushi.

Mataki na 5: mafaka

Ka fara tun rana na da saura. Miƙa hannu, jera yatsu tsakanin rana da inda za ta faɗi: kowane yatsa kusan minti 15 ne. In saura yatsu takwas, bar komai ka kama aikin kwana.

Shimfiɗa ta fi rufi muhimmanci, domin ƙasa ce ke tsotse ɗumin jiki. Tara busasshen ganye ko ciyawa mai kaurin taƙi biyu, ko ka ciro kujerun mota. Mafakar ta zama ƙarama, daidai kwanciya, bayanta ga iska. Ka guji gindin kwari, da ƙarƙashin mataccen reshe, da itace tilo a fili lokacin tsawa. Ka cire jiƙaƙƙun kaya ka matse su. Auduga in ta jiƙe sanyi take ƙarawa, ulu ne ke riƙe ɗumi ko a jiƙe. Cusa busasshen ganye tsakanin riga da riga, rufe kai da wuya. Wajen hura wuta, tara abin kamawa da ƙirare da manyan itace duka kafin ka ƙyasta ashana ta farko.

Ka sa ido a kan juna. Makyarkyata alama ce jiki na faɗa. In mutum ya fara tuntuɓe, magana na sarƙewa, ya kasa sa maɓalli, zafin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 35. In makyarkyatar ta tsaya alhali bai ɗumama ba, ko ya fara tuɓe kaya yana cewa zafi yake ji, abin ya yi nisa.

A hamada lissafin juyewa yake. Ba a aiki da rana. Ka yi inuwa a gefen mota, ba cikinta ba, ka tona yashi har inda ya yi sanyi ka kwanta. Kada ka tuɓe riga: tufa mai sakin jiki tana rage saurin bushewar gumi. Wanda ya ruɗe jikinsa ya yi zafi rau, jiƙa shi ka yi masa fifita nan take.

Mataki na 6: ruwa, sannan abinci

A kan tudu, gumi ake tattali, ba ruwa ba. An sha tsintar gawa da sauran ruwa a gora. Ka sha abin da kwanyarka ke buƙata don ta yi aiki, ka rage motsi da magana, ka rufe baki ka yi numfashi ta hanci. Fitsari ne ma'auninka: in ya yi duhu ya ragu, kana baya.

Tace ruwa da ƙyalle, tafasa shi minti 1, ko minti 3 in kana sama da mita 2,000 a kan tsauni. In babu wuta babu magani kuma ƙishirwa ta kai maƙura, ka sha mafi tsabtar da ka samu. Ciwon ciki yakan ɗauki lokaci kafin ya zo kuma ana maganinsa a asibiti. Da asuba ɗaura ƙyalle a idon sawu ka ratsa ciyawa, ka matse raɓar a gora. Ɗaura leda a reshe mai ganye da rana ke duka, zuwa yamma za ka sami 'yan kurɓi. Narkar da ƙanƙara kafin ka sha. Fitsari, barasa da ruwan lagireto duk ba abin sha ba ne. Na ƙarshen ma sau da yawa akwai guba a ciki.

Abinci ba na gaggawa ba ne. In ruwa ya yi ƙaranci ma gara a rage ci, domin narkar da nama ruwa yake ci. Tsiron da ba ka sani ba, musamman naman kaza, bar shi.

Mataki na 7: sa a gan ka

Uku ita ce lambar neman agaji: busa usur sau uku, wuta uku, walƙiyar tocila uku. Murya tana dishewa da wuri, usur ba ya gajiya. Shirya tarin itace a fili ka rufe shi, ka kunna in ka ji ƙarar jirgi. A daji mai duhu ɗanyen ganye ke ba da farin hayaƙi. A kan yashi ko ƙanƙara baƙin hayaƙin taya ya fi fitowa, amma sace iskar tayar tukuna don kada ta fashe.

Madubi ya fi duk waɗannan nisan zango in akwai rana. Miƙa hannu ɗaya, buɗe yatsu biyu, sa jirgin a tsakaninsu. Riƙe madubin kusa da idonka, juya shi har hasken ya sauka a kan yatsun, sannan ka riƙa kaɗa shi kaɗan-kaɗan. A ƙasa, babban harafin V na nufin ana neman taimako, X na nufin akwai mai buƙatar likita; kowane layi ya kai mita 3. In jirgi ya zo, ɗaga hannu biyu sama. Hannu ɗaya gaisuwa ce, matuƙi na iya ɗaga maka nasa ya wuce.

Idan a teku ne

Kada ka bar jirgi sai shi ya bar ka. A gasar jiragen ruwa ta Fastnet a 1979, guguwa ta afka wa jirage 303 tsakanin Ingila da Ireland, 'yan gasa 15 suka mutu. An gudu an bar jirage 24, amma 5 ne kawai suka nutse. Sauran an same su suna yawo, alhali wasu daga cikin waɗanda suka koma kwale-kwalen roba sun halaka. Shi ya sa matuƙa ke cewa hawa ake yi zuwa kwale-kwalen ceto, ba sauka ba. Ko jirgi ya kife, muddin yana saman ruwa, hau bayansa.

Kafin a fita daga jirgin da zai nutse, ɗauki rediyon jirgi, tasha ta 16. Ka ce "Mayday", kalmar neman agajin gaggawa, sau uku, sunan jirgin sau uku, inda kuke, abin da ya faru, da yawan mutane. Kunna EPIRB, wato na'urar neman agaji ta jirgin ruwa, ka bar ta a kunne, ka tafi da ita. Kowa ya saka duk kayan da zai iya, rigar ruwa mai hana nutsewa a sama, a ɗaure igiyar da ke bi ta tsakanin cinyoyi, in ba haka ba rigar za ta haye kunnuwa. A sha ruwa a ƙoshi, a haɗiyi maganin hana amai, a jefa jarkokin ruwan sha da ba a cika su fal ba don su yi iyo. Ɗaura igiyar kwale-kwalen a jikin jirgi kafin ka jefa shi. Ka yi iya ƙoƙarinka ka shiga a bushe.

In tsalle ya zama dole, duba ƙasa tukuna, toshe hanci da baki da hannu ɗaya, ɗayan ya danne rigar, haɗe ƙafafu, kalli gaba, ka taka. Wanda ke cikin jirgin sama kada ya hura rigarsa sai ya fita. A Nuwamban 1996 jirgin Habasha da aka yi fashinsa ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros, mutum 125 cikin 175 suka mutu. Da yawansu sun hura riga a ciki, ruwa ya tokare su da rufi suka kasa fita.

Ruwan sanyi yana da matakai, kuma Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita su da 1-10-1. Minti 1 na farko numfashi ke ƙwace maka: za ka ja iska da ƙarfi ba da sonka ba, ka yi ta haki. In kanka na cikin ruwa a lokacin, shi ke nan. Kada ka yi iyo, kwanta rigingine, buɗe hannuwa, jira ya wuce, domin zai wuce. Bayansa kana da kamar minti 10 kafin yatsu su daina kama abu. Duk aikin hannu a nan za a yi shi: ƙara matse riga, ɗaura kanka da abin da ke iyo, hawa. Sannan kusan awa 1 kafin suma, in da rigar ruwa. Gwanin iyo marar riga a mataki na biyu yake nutsewa, tun sanyin bai kai zuciya ba.

Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 na iska, kuma iyo ƙara masa sauri yake. Ka naɗe gwiwoyi zuwa ƙirji, matse hammata. In kuna da yawa ku rungumi juna, yara a tsakiya. Duk abin da zai fitar da ko rabin jikinka daga ruwa, hau shi. Harrison Okene, kukun wani jirgi da ya kife a gaɓar Najeriya a Mayun 2013, ya yi kusan awa 60 a ɗan gurbin iska, mita 30 ƙarƙashin teku, kuma cikin abin da ya taimake shi har da ɗan dandamalin da ya haɗa ya ɗaga jikinsa daga ruwan.

A cikin kwale-kwale ayyukan farko huɗu ne. Yanke igiya in jirgin zai nutse, ku matsa, ku tsamo na cikin ruwa. Jefa angar ruwa, wato buhun nan mai siffar mazurari, don ta rage kaɗawa da saurin tafiya. Rufe rumfa. Kwarfe ruwa ku goge ƙasan da soso har ya bushe, domin zama cikin ruwan gishiri gyambo yake zama cikin 'yan kwanaki. A raba gadi, a ɗora wa mutum ɗaya rabon ruwa a gaban kowa.

A nan, saɓanin tudu, ana auna ruwa, tunda babu rafin da za a je. Ka'idar da ake koya wa matuƙa ita ce awa 24 na farko ba a sha, ban da yara da masu rauni, sannan rabin lita a yini. Ruwan teku kuwa ko kurɓi. Kowace lita na ɗauke da gishiri kusan giram 35, ya fi ƙarfin abin da ƙoda ke iya fitarwa, sai ta ɗebi ruwan jikinka ta wanke shi. Gauraya shi da ruwan daɗi ɓarna ce kawai. In hadari ya haɗo, bari ruwan farko ya wanke gishirin rumfa, sannan ku cika duk abin da ke riƙe ruwa, har da cikinku. Da ruwan sama da ƙugiyar da ya lanƙwasa daga wayar tocila Poon Lim ya yi kwana 133 a Tekun Atlantika tsakanin 1942 da 1943. Steven Callahan ya yi kwana 76 a 1982 da na'urar tace ruwa da zafin rana mai ba shi kusan rabin lita a yini, kuma jirage da dama sun wuce shi ba su gan shi ba.

Wannan na ƙarshen ya kamata ka sa a rai tun yanzu, don kada ya karya ka. Daga zaune a kwale-kwale idonka bai wuce kilomita 4 ba, kuma kai ɗigo ne tsakanin raƙuman ruwa. Cikakken kayan kwale-kwalen manyan jirage na ɗauke da rokar haske 4, wutar hannu 6, da gwangwanin hayaƙi 2. Roka tana tashi mita 300, ta ci kamar daƙiƙa 40. Kada ka ƙona su a bayan jirgin da ya riga ya ba ka baya, ba mai kallon can. Ka jira mai nufo ka ko mai gittawa kusa, harba ɗaya, ka ɗan dakata ka harba ta biyu don wanda ya ga ta farko ya tabbatar. Riƙe ta a wajen kwale-kwalen, iska na bayanka. Da rana hayaƙi da madubi, da dare wuta.

Lokacin da agaji ya iso

Kada ka yi tsalle ka nufi jirgin da iyo, bari su zo. In helikwafta ne, bari wayar da ya sauko da ita ta taɓa ruwa kafin ka kama, domin tana ɗauke da lantarkin da zai iya girgiza ka, kuma kada a ɗaure ta a jikin kwale-kwale.

Wanda ya daɗe cikin ruwan sanyi a ɗago shi a kwance. In aka ɗago shi a tsaye jini na iya zubowa ƙafafu, zuciya ta tsaya, ga shi an riga an kama hannunsa. A cire masa jiƙaƙƙun kaya a hankali, a ɗumama ƙirji da hammata da wuya, kada a murza hannu da ƙafa, kada a ba shi barasa, kada a bar shi ya taka. Abin sha mai ɗumi da sukari sai in yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya. Wanda ya daɗe a ƙarƙashin ruwa mai zurfi ba a fito da shi kai tsaye: Okene sai da ya yi fiye da kwana biyu a ɗakin rage matsin iska kafin ya fito. Wanda ya yi makonni babu abinci a fara masa da kaɗan-kaɗan a gaban likita, domin cika ciki farat ɗaya na iya taɓa zuciya. Duk wanda ya shaƙi ruwa kuma a kai shi asibiti ko da ya ce garau yake, saboda huhu kan nuna matsala bayan wasu awanni.